Jarka Nawa Ce a Kubik Mita Ɗaya? Lissafin Ruwa Daga Randa Zuwa Fadamar Miga

A Miga, kamar sauran garuruwan da ke gefen Kogin Haɗejiya, ba wanda zai aiki yaro ya ce ya ɗebo masa ruwa lita hamsin. Jarka biyu za a ce masa. Uwar gida ta san tulu nawa ke cika randarta, mai ga-ruwa ya san jarka nawa kurarsa ke ɗauka, manomin rani kuwa da awa yake lissafin ruwan da injinsa ya zuba a gona. Amma ku duba abin da ke rubuce a jikin ledar ORS, ko robar maganin feshi, ko tankin da aka girke a makarantarku. Ba za ku ga tulu ko jarka ba. Lita za ku gani, da mililita, wani lokaci kuma kubik mita.

Ke nan da harshe biyu muke magana a kan ruwa: na gida da na takarda. Idan aka shigo da leda ko roba mai rubutu, wa ake kira ya karanta? Ɗan makarantar da ke gidan. Ku ne tafintoci. Idan fassarar ta karkace, jariri mai gudawa ne zai sha abin da bai dace ba, ko shinkafa ta ƙone, ko kuɗin fetur ya tafi a banza. Don haka wannan darasi ya wuce na cin jarrabawar WAEC da NECO kawai.

Tsanin awo

Ku ɗauki ƙaramin akwati mai tsawon santimita 10, faɗin santimita 10, zurfin santimita 10. Ruwan da zai cika shi, shi ne lita ɗaya. Daga nan sauran ke tasowa:

- Lita 1 daidai take da mililita 1,000.
- Lita 1 daidai take da santilita 100. Ledar fiya wata da aka rubuta wa 50cl rabin lita ce, wato mililita 500. Roba mai 75cl mililita 750 ce.
- Kubik mita 1 daidai yake da lita 1,000. Rami ne mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya.

Ƙa'idar hawa da sauka guda ce. Daga babban awo zuwa ƙarami, a ninka. Daga ƙarami zuwa babba, a raba. Lita 3 sau 1,000, mililita 3,000 ke nan. Lita 7,500 a raba da 1,000, kubik mita 7.5 ke nan.

Ruwa yana da wani sauƙi na musamman: lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Waɗanda suka tsara wannan awo a Faransa, inda doka ta amince da lita a 1795, da gangan suka ɗaure kilo da ruwa. Shi ya sa jarka mai lita 25 idan ta cika tana da nauyin kilo 25, rabin buhun siminti. Ku tuna da wannan ranar da aka ce ƙanwarku 'yar shekara tara ta ɗauko ta daga famfo. Kubik mita ɗaya kuwa kilo 1,000 ne, wato tan guda, kuma jarka 40 ne cif. Ga amsar tambayar da ke kan wannan shafi.

Garwa da galan: suna ɗaya, girma uku

Kafin Nijeriya ta koma awon mita da lita a shekarun 1970, awon Ingila ake yi a nan. Garwar da kakanninmu suka sani gwangwanin kananzir ce mai galan huɗu na Ingila. Idan kananzir ya ƙare sai a yanke bakin, a sa mata itace, masu sayar da ruwa su rataya guda biyu a sanda su shiga gari. Galan ɗaya na Ingila lita 4.546 ne, don haka garwa tana cin lita 18 da 'yan kai. Jarka ta fi ta da kusan lita bakwai.

Matsalar galan ita ce ba iri ɗaya ba ne. Na Amurka lita 3.785 ne, bai kai na Ingila ba. A kasuwanninmu kuma idan aka ce galan, yawanci roba mai lita 4 ake nufi, wasu ma mai lita 5 suke kira haka. A ce an kawo tanki an rubuta masa galan 500. Idan na Ingila ne, lita 2,273 zai ci. Idan na Amurka ne, kusan lita 1,893. Bambancin lita 380 ne, sama da jarka 15. Duk inda kuka ga galan a rubuce, tambayar farko ita ce: na wace ƙasa?

Duro ma haka. Babban duron ƙarfe da aka saba gani ana ƙiyasta shi a lita 200, wato galan 44 na Ingila. A Amurka suna kiransa mai galan 55, wanda ya kama lita 208. Don lissafin gida, a riƙe shi a jarka takwas.

Kada ku ɗauka irin wannan ruɗani na mutanen karkara ne kawai. A watan Yulin 1983, man wani jirgin sama na kamfanin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya ƙare yana tsakiyar tafiya a sararin Kanada. A lokacin ƙasar tana cikin sauya awo. Masu zuba mai sun juya lita zuwa awon nauyi na Ingila, suka ɗauka kilo ne, sai jirgin ya tashi da ƙasa da rabin man da yake bukata. Matuƙan sun yi dabara suka sauke shi a wani tsohon filin jirgi a garin Gimli, ba a rasa rai ba. Kuskuren lamba ɗaya ne ya jawo haka.

Lita ɗaya da ke ceton rai

Lokacin damina, musamman idan ruwa ya malala ya shiga rijiyoyi da masai, amai da gudawa kan yawaita. Abin da ke kashe yaro a wannan ciwo shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma garin ORS aka yi don mayar da shi. Ledar da aka fi sani ana jiƙa ta ne a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Akwai kuma wadda aka yi don rabin lita, saboda haka a karanta jikin ledar tukuna.

To, ina lita ɗaya a gidan da ba ma'auni? Fiya wata biyu masu 50cl. Ko roba mai 50cl a cika ta sau biyu da dafaffen ruwan da ya huce. Abin da bai kamata ba shi ne a juye ledar a kofin shayi ko moɗa. Kofi da yawa ba su wuce mililita 250 zuwa 300 ba. Idan aka zuba garin lita ɗaya a mililita 250, gishirin ya ninka sau huɗu, kuma hakan na iya cutar da yaron maimakon ya taimake shi. Idan aka tsinka shi da ruwa da yawa, ƙarfinsa ya ragu. Abin da aka haɗa kuma ba ya wuce awa 24, sai a zubar a haɗa sabo.

Idan babu ledar ORS a kusa, haɗin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa shi ne: ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, duk a shafe bakin cokalin ba a tula ba. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne. Babban cokali mililita 15 ne, ninki uku. Wanda ya ɗauki babba a maimakon ƙarami ya ninka gishirin sau uku. Wannan taimakon gaggawa ne, a ba yaro ana hanyar asibiti.

Ƙwayoyin tsarkake ruwan sha da ake rabawa bayan ambaliya su ma ƙarfinsu ya bambanta. Akwai ta lita ɗaya, akwai ta lita 20. Jarkokinmu masu ruwan ɗorawa kuma, waɗanda asalinsu na man girki ne, akwai mai lita 20 akwai mai 25, kuma a ido suna kama da juna. Ku juya jarkar ku duba gindinta ko gefenta, sau da yawa lambar tana nan.

Injin feshi na aro

Manomin shinkafa a fadama ya saba auna maganin ciyawa da gwangwanin madara ko na tumatir. Lambar da ke jikin gwangwanin madara nauyin madarar ce da giram, ba yawan ruwan da zai ci ba. Takardar magani kuwa da lita take magana.

Mu ɗauki misali. A ce takarda ta ce a zuba magani lita 4 cikin ruwa lita 200 don hekta ɗaya. Ba wanda zai goya lita 200 a baya. Sai a fara neman abin da ya kama kowace lita ta ruwa. Lita 4 mililita 4,000 ce. A raba da 200, an sami mililita 20. Wato kowace lita ta ruwa, magani mililita 20.

Yanzu sai a duba injin feshin. Mai lita 20 zai ci mililita 400, kuma ciko goma ne hekta. Mai lita 16 zai ci mililita 320, ciko goma sha biyu da rabi. A nan ake faɗawa rami. Baba ya saba da injinsa mai lita 20, ya lalace, ya aro na maƙwabci mai lita 16, ya ci gaba da zuba mililita 400 yadda ya saba. Kafin ya gama hekta ya zuba lita 5 a maimakon 4. Kuɗin roba guda ya tafi, shuka na iya ƙonewa, rarar maganin kuma ta bi ruwa zuwa tafkunan da masunta ke kamun kifi, dabbobi ke sha. Ɗalibin da ya iya ninka 20 sau 16 ya tare wannan asara.

Gwangwanin da aka auna magani da shi ba ya komawa madafa. Robar magani ko jarkarsa kuma ba a zuba ruwan sha a ciki, komai wankin da aka yi mata.

Awa nawa inji zai yi?

A noman rani, fetur yana cikin abin da ya fi cin kuɗin manomi. Duk da haka da yawa ba su san ruwan da injinsu ke zubawa ba. Gwajin ba wuya. A sami duro mai lita 200 da agogon waya. A sa bakin tiyo a duron, a ƙirga daƙiƙa nawa ya cika. A ce daƙiƙa 20. To lita 200 a raba da 20, lita 10 ke nan a daƙiƙa. A minti lita 600, a awa lita 36,000.

Sai gona. A ce mita 50 ce tsawo, mita 50 faɗi. Murabba'in mita 2,500 ke nan, rubu'in hekta. Ana so ruwa ya kwanta zurfin santimita 5 a fangula. Kafin a ninka, dole a mayar da santimita zuwa mita: 5 a raba da 100, an sami 0.05. Sai 2,500 sau 0.05, kubik mita 125. Lita 125,000 ke nan, ko jarka 5,000. A raba da lita 36,000 da inji ke bayarwa a awa, za a ga aikin kusan awa uku da rabi ne. Sai a ƙara wani abu saboda ruwan da ƙasa ke shanyewa da wanda ke yoyo a magudana, musamman inda ƙasar ke da rairayi.

Da wannan manomi zai san fetur lita nawa zai saya kafin ya bar gida, kuma idan haya ya yi, zai san awa nawa ya kamata ya biya. Idan ya maimaita gwajin duron bayan wata biyu ya ga yanzu daƙiƙa 30 yake ɗauka, ya san ko injin ya gaji ko ruwan rijiyar ya yi ƙasa.

Ku lura da wurin da ɗalibai suka fi zubar da maki. Wanda ya manta ya mayar da santimita zuwa mita zai ninka 2,500 sau 5, ya sami 12,500, ninki ɗari na amsar gaskiya. Kafin ninkawa, a tabbatar duk lambobin awo ɗaya suke.

Milimita a sama, jarka a ƙasa

Idan hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta ce an yi ruwan milimita 30, sai a ji kamar ba komai, don milimita 30 ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Ga fassarar: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rufin kwano mai mita 10 da mita 8 murabba'in mita 80 ne. Ruwan milimita 30 zai zubo masa lita 2,400, duro 12 ko jarka 96, a dare ɗaya. Gidan da ya gyara indararo ya tanadi duro ya huta da sayen ruwan wanki na kwanaki. A hekta ɗaya kuwa, wadda take murabba'in mita 10,000, wannan ruwan lita 300,000 ne, jarka 12,000.

Ruwan da ke wuce Miga ba na samanta kaɗai ba ne. Kogin Kano da Kogin Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, ya bi ta Wudil da Ringim, ya ratsa yankinmu zuwa Auyo da Haɗejiya, ya bazu a dausayin Haɗejiya da Nguru, sannan ya haɗu da Kogin Jama'are su nufi Tafkin Chadi. A sama akwai madatsun ruwa biyu manya. Ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, an gina ta don ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2. A harshen gida, kusan jarka biliyan 80. Ta Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, tana riƙe sama da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da su, da kuma aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke Auyo.

Injiniyoyi suna auna gudun kogi da kubik mita a daƙiƙa. Kubik mita ɗaya a daƙiƙa, jarka 40 ne kafin ƙiftawar ido. A ce, don misali, kubik mita 100 a daƙiƙa sun fi ƙarfin hanyar kogi sun ɓalle. A awa ɗaya kubik mita 360,000 ke nan. Idan ruwan ya kwanta zurfin rabin mita, zai rufe murabba'in mita 720,000, wato hekta 72, cikin awa guda. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ciyawar kachala da yashi kuma sun toshe hanyoyin ruwa da yawa, shi ya sa ruwa ke saurin barin hanyarsa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Jigawa ya san abin da ake nufi.

Nauyin ma abin dubawa ne. Ɗaki mai mita 4 da mita 4, idan ruwa ya kai rabin mita a ciki, kubik mita 8 ne. Jarka 320, nauyin tan 8, ga shi yana jiƙa gindin katangar ƙasa. Wannan ya isa hujjar da za ku ba iyaye a fita da wuri, ba sai an ji ƙarar bango ba.

Bayan an fita kuma sai lissafin sha. Ƙungiyoyin agaji na duniya sun tsayar da lita 15 ga kowane mutum a rana a matsayin mafi ƙaranci lokacin bala'i, don sha da girki da tsabta. Idan mutum 300 suka fake a makarantar firamare, lita 4,500 suke bukata kullum. Jarka 180 ke nan, ko kura 15 mai jarka goma sha biyu. Tanki mai lita 5,000 kwana ɗaya zai yi musu da ɗan ragowa. Matashin da ya je gaban mai gari ko jami'in agaji da irin wannan lissafi a takarda, za a fi sauraronsa fiye da wanda ya ce kawai ruwa ba ya isa.

Ku auna kayan gidanku

Tulu da randa da ƙwarya da moɗa ba su da laifi. Abin da suka rasa shi ne tsayayyen girma, don kowane magini da hannunsa. Maganin abin shi ne a auna kowanne sau ɗaya a san shi da lita.

Ku sami roba mai 50cl ko mai lita ɗaya. Ku riƙa cika ta kuna juyewa a bokiti kuna ƙirgawa har ya cika. Ku rubuta lambar a jikinsa da fenti ko alƙalamin da ba ya gogewa. Da bokitin sai ku auna randa da baho da duro. Ƙananan abubuwa irin kofi, moɗa, ludayi da gwangwani, sai a yi amfani da sabon sirinji marar allura ko murfin maganin ruwa mai zane. Ku ware kofi ko jug guda, ku yi masa alama daidai inda lita ɗaya ta tsaya, ku nuna wa Inna da sauran matan gida cewa wannan shi ne na haɗa ORS. Aikin yamma ɗaya ne.

Gwada kanka

1. Randa tana cin bokiti 6, kowane bokiti lita 15. Jarka nawa mai lita 25 za a saya ta cika, kuma lita nawa za ta rage?
2. Takarda ta ce magani mililita 15 ga kowace lita ta ruwa. Nawa za a zuba a injin feshi mai lita 16?
3. An yi ruwan milimita 20 a kan rufin ajinku mai mita 9 da mita 7. Lita nawa ya zubo?

Amsa: (1) Lita 90, don haka jarka 4, lita 10 ta rage. (2) Mililita 240. (3) Lita 1,260, wato jarka 50 da lita 10.

Wanda ya ci duka ukun, ya ɗauki roba ya nufi randar gidansu. Ranar Litinin ku kwatanta a aji, ku ga randar gidan wa ta fi girma.